Baya na Biyar

Waɗanda suka san Inuwa a ƙarshen rayuwarsa sun san shi ne da wankin hula a gindin wani mangwaro a kasuwar Kawo, tsoho marar son magana, wanda in ka miƙa masa hula sai ya fara duban idonka kafin ya dubi hular. Yawancinsu ba su san cewa da can wanzami ne ba, kuma ba ƙaramin wanzami ba. Balle su yarda cewa a zamaninsa ba a yi mai surutu kamarsa ba, tun daga Doka har Kawo.

Mutumin Hunƙuyi ne, ta ƙasar Zazzau. Ubansa wanzami, kakansa wanzami. Ya shigo Kaduna da ƙafa yana saurayi, zabira rataye a kafaɗa, lokacin da garin bai wuce barikin soja da layin dogo da ofisoshin Turawa ba. Ya yi shekaru yana aske leburori da masinjoji a Doka kafin ya sami fili a Unguwar Dosa, wadda a lokacin gidajenta ba su taka kara sun karya ba, gonakin dawa ne suka kewaye ta. Nan ya zauna da matarsa Bilkisu. 'Yarsu ɗaya, ta yi aure a Zariya. Bayan ita babu kowa, daga shi sai Bilkisu, shekara ashirin da shida. Yana kiranta Uwargida, ko da yake ita kaɗai ce, ita kuma tana ce masa Maigida, don ba ta taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka kawo ta.

Aski, kaciya, cire beli, zanen fuska, duk yana yi. Yakan ce shi bai san mutane ta fuska ba, ta ƙeya ya san su, kuma in ka ba shi dama sai ya faɗa maka siffar ƙeyar kowane mai gida a unguwar, har da wanda tasa ta karkace. Amma abin da yake ji da shi shi ne ƙaho. Yana da ƙahoni shida da suka yi santsi saboda tsufa, da wata 'yar aska ta tsaga wadda ya gada daga ubansa. Uban ya ba shi ita da sharaɗi ɗaya: kada wuta ta taɓa ta, kada ruwan zafi ya taɓa ta, don an jiƙa ta da magani tun zamanin kaka, kuma zafi yana kashe magani yana kashe kaifi. Saboda haka in ya gama da bayan mutum sai ya goge ta da tsumma, ya ɗan murza ta a tafin hannu, ya ce wa na gaba ya matso. Haka ya ga ana yi, haka kowa ke yi, kuma bai taɓa jin wanda ya ce uffan ba.

A unguwar akwai wata al'ada. Duk shekara in ya rage mako guda a kama azumi, magidanta kan taru da hantsi a zauren Malam Datti, malamin unguwa, a yi musu ƙaho a fitar da mataccen jini, don jiki ya yi sakayau kafin ƙishirwa ta zo. A shekarar 1955 abin ya faɗo cikin tsananin zafin bazara, kuma mutum uku ne kawai suka samu zuwa: Malam Datti kansa, da Audi mahauci, da Ado tela. Sai dai a zauren akwai baƙo, wani falke da ciwo ya kayar a hanyar Katabu, aka kawo shi wurin malam ya huta. Idanunsa sun yi ɗorawa shar, ko ruwa ya sha sai ya dawo da shi.

Inuwa ya leƙa shi ya ce, "Shawara ce wannan. Ai jinin ne ya ɓaci. In an rage shi zai ji sauƙi."

Malam Datti ya ce, "To, a fara da shi. Ba ma riga baƙo a gidanmu."

Kowa ya yaba da wannan magana, don ita ce daidai. Inuwa ya kafa wa baƙo ƙaho shida, ya zuƙa, ya cire, ya tsattsaga, ya mayar. Jini ya fito baƙi ƙirin, ya nuna wa jama'a da alfahari. Ya goge aska da tsumma. Malam Datti ya kwanta, bayansa Audi, bayansa Ado. Kafin azahar ya gama, yana ta zuba labarin wani Bature da ya taɓa neman a aske masa gemu da askar Hausa.

Da ya koma gida ya tarar da Bilkisu dafe da ƙugu, ta sha ɗibar ruwa daga rafi. Ya ce, "Uwargida, kwanta mana, tunda kayan suna hannu." Ta yi masa tsiya cewa sai da ya gama da mutanen gari ya tuna da ita, ya rama da cewa ai mai gida shi ke cin ƙanzo. Suka yi dariya. Ya yi mata ƙahonta shida a gadon baya. Da yamma ta wanke ƙahonin da tsumman kamar yadda ta saba, ta shanya.

Baƙo ya tafi bayan kwana uku, ba a sake jin labarinsa ba. Aka yi azumi, aka yi salla, damina ta sauka.

Malam Datti ne ya fara. Mako uku bayan salla aka ga bai fito karatun safe ba, aka ce kasala ce da tashin zuciya, daga baya ido ya rine. Aka jiƙa masa saiwar rawaya, aka hana shi mai da nama, cikin kwana goma sha biyar ya miƙe. Ba wanda ya kawo komai a ransa, Inuwa ma haka. Shawara ba baƙuwa ba ce a damina.

Na Ado ya zo daban. Ado mutum ne mai sanyin hali, wanda ko allurarsa ta karye ba ya tsaki. Kwana biyar da kwanciyarsa ya fara barci da rana tsaka kamar an yi masa duka, in ya farka ba ya gane matarsa. A rana ta bakwai sai da ƙarti uku suka danne shi, yana zage-zagen da ba a taɓa zaton ya san su ba. Numfashinsa ya ɗauki wani wari mai zaƙi-zaƙi, dasashinsa yana jini ba tare da an taɓa shi ba. A rana ta tara, da hantsi, ya cika.

Inuwa yana cikin masu taimakawa wajen wankan gawa, don ba ya tsoron irin wannan aiki. Yana riƙe da kafaɗa aka ce a juya. Da aka juya sai ga bayan Ado, fatar ta yi ruwan ɗorawa, kuma a kanta ga tabo shida, uku dama uku hagu, kowanne da 'yan tsagoginsa a jere tsaf. Aikinsa ne. Ko a cikin bayan mutum dubu zai gane shi. Da, in ya ga irin wannan sai ya ji daɗi. Ran nan sai ya tuna bayan da ya riga wannan kwanciya a tabarmar, da wanda ya riga shi.

Ya ce wa kansa shirme ne. Ya yi ta faɗa wa kansa haka har aka rufe Ado. A hanyar dawowa daga maƙabarta Audi mahauci yana gefensa, yana ta tofar da yawu.

"Ni kwana biyun nan ban san me ke damuna ba," in ji Audi. "Ni da aka haifa cikin kitse, yanzu ko warinsa na ji sai cikina ya juya."

Inuwa ya ce, "Dube ni nan." Audi ya juyo, rana ta haske masa fuska. Farin idon ya fara sauyawa daga gefe.

Inuwa bai san yadda ya kai gida ba. Baƙo, Malam, Audi, Ado. Ya lanƙwasa yatsu huɗu, babban yatsa ya rage a tsaye, ya tsaya a ƙofar gida yana kallonsa. A ciki yana jin Bilkisu tana daka, tana ɗan waƙe-waƙenta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, ya zauna a dakali kamar tsoho.

Ya kamata ya shiga ya gaya mata. Kowa zai ce haka, kuma gaskiya ne. Amma me zai ce? Ya ce askar ubansa ce ta kashe Ado? Ya ce da hannunsa ya kwantar da ita ya sa mata abin da ya sa wa Ado? Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa tun safe har yamma, ran nan ya shiga gida ya ce mata sannu da aiki, ya wuce ɗaki.

Bayan kwana biyu ya je wurin Malam Datti ya kewaya maganar ta nesa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, shin ciwo yana iya bin ƙarfe daga jikin wani zuwa jikin wani?"

Malam ya dube shi ya ce, "Wanzam, ciwo da lafiya na Allah ne. Ga matar mai unguwa can tana fama da shawara, ƙahonka ya taɓa ta? Kada ka ɗora wa kanka abin da ba a ɗora maka ba."

Maganar ta sanyaya masa rai har zuwa la'asar. Daga nan tsoron ya dawo ya zauna inda yake.

Ya rataye zabira a ƙusa ya ce hannunsa ne ke ciwo. Sabon aikinsa ya zama duban idon Bilkisu. Kuma idon mace ba abu ne da ake dubawa haka kawai ba bayan shekara ashirin da shida, sai da dalili. Saboda haka kullum da safe sai ya ƙirƙiro dalili. Yau ya ce ta fito tsakar gida ta duba masa wani abu da ya faɗa masa a ido, don in tana duban nasa ya dubi nata. Gobe ya ce ta ɗaga kai ta ga shirwa. Jibi ya ce kwallinta ya zazzago. Ta ce, "Maigida, wai tsufa ne ya zo maka da sabon salo?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. In ya ga fari tas sai ya ji kamar an sauke masa dutse, amma kafin azahar ya fara tunanin gobe.

Audi ya sha wuya mako uku, ya tashi. Ana gab da babbar salla ya koma rumfarsa a Kawo, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Inuwa ya bi shi can ran Talata, ya tsaya yana kame-kame, daga ƙarshe ya ce, "Audi, wai shawarar nan, a ina take zama a jikin mutum?"

"A hanta mana," in ji Audi. "Mu ai muna ganinta a dabba." Ya jawo wata hanta daga kan tebur, ja wur, sumul, tana sheƙi. "Ka ga lafiyayya." Sannan ya sunkuya ya ɗauko wata daga kwandon abin da za a zubar. Ta tsumu, ta yamutse, ta yi laushi kamar tsumman da aka matse, launinta ya koma ɗorawa. "Wannan tunkiyar da ba a yanka ta jiya ba, da yau mushe ce. Naman hantar ne ke narkewa, tana ƙanƙancewa, har ta ƙare." Ya jefa ta kwando. "Akwai kuma wadda za ka samu ta yi tauri, da farin zare-zare a cikinta, wuƙa ma sai ta yi ƙara. Wannan dabbar ta yi ciwon ta tashi ke nan. Ni ina jin irinta ce a cikina yanzu." Ya yi dariya. Inuwa bai taya shi ba, ya yi sallama ya tafi, ƙanƙanuwar hantar nan tana gabansa duk tsawon hanya.

Bilkisu tana suyar ƙosai a gida kullum safe, maƙwabta na aikowa. Bayan babbar salla da 'yan kwanaki ta daina, ta ce itace ya jiƙe. Ta kuma koma zama a ɗaki, ta ce hasken rana yana sa mata ciwon kai, kwallinta ya ƙara kauri. In ya kira ta waje sai ta ce tana zuwa, har ya gaji ya fita. Shi da yake ganin ya fi kowa wayo, kwana takwas tana yi masa haka bai gane ba, ko kuwa ya gane ya ƙi yarda. A rana ta tara ya dawo daga masallaci da hantsi ya same ta durƙushe a bayan ɗaki tana amai. Ya ɗago ta. Ba sai ya nemi dalili ba wannan karon, don har tafin hannunta ya rine.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Bai daɗe ba."

"Tun yaushe, Uwargida?"

"Tun da na bar suya."

Bai tsaya jiƙa rawaya ba. Ai an jiƙa wa Ado ita, ba ta yi masa komai ba. Ya fita titi da gudu, babu hula, ya tare wata motar ɗibar yashi, ya roƙi direban da Allah da Annabi. Aka shimfiɗa mata tabarma a baya, aka kai ta asibitin gwamnati a cikin gari.

Likitan wani dogon mutum ne marar yawan magana, yana tare da malamin asibiti mai suna Malam Yahaya, wanda ke mayar da maganarsa Hausa. Likita ya sa ta kwanta rigingine, ya ɗora hannu a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ya danna, ya ƙwanƙwasa yatsa a kan yatsa kamar mai zaɓen tulu a kasuwa. Inda sautin ya sauya ya ja layi da fensir mai ruwan shuni. Layin yana ƙasa da haƙarƙari da faɗin yatsa biyu.

Malam Yahaya ya ce, "Nan ne bakin hantarta. Ta kumbura, amma ba kumburin muke tsoro ba. Kullum da safe zai sake aunawa. In layin ya tsaya ko ya ja baya a hankali, to madalla. In ya riƙa hawa sama da sauri, hantar ce ke ƙanƙancewa." Bai ƙarasa ba, kuma Inuwa bai buƙaci ya ƙarasa ba.

Sai likita ya sa aka juya ta don ya saurari bayanta, ya ga tabo shida. Ya tsaya. Ya yi tambaya, Malam Yahaya ya ce, "Yana so ya san yaushe aka yi mata wannan, kuma wa ya yi."

Nan ne Inuwa ya faɗi abin da ya kasa faɗa wa kowa. Ya ja Malam Yahaya baranda, ya zayyana masa komai: baƙo, da zauren Malam Datti, da tsumma, da askar da ba ta taɓa ganin wuta ba. Ya yi fatan a ce masa shirme ne, ko da da tsawa. Malam Yahaya ya shiga ya dawo ya ce, "Likita ya ce ba su taɓa ganin abin da ke kawo ciwon da idonsu ba. Amma sun daɗe da lura cewa akwai irin da ke bin allura da aska in ba a dafa su ba, kuma yakan yi wata biyu, wata uku, kafin ya nuna. Ya ce ba kai kaɗai ba ne, kuma ba ka sani ba."

Inuwa ya ce, "Yanzu ai na sani."

Magani babu wani na kirki, Malam Yahaya bai ɓoye masa ba. Hutu ne, da ruwan sukari, da hana nama, sauran kuma tsakanin hanta da Mai ita. Ba a barin maza a ɗakin mata sai bayan la'asar. Saboda haka kullum Inuwa kan tako daga Unguwar Dosa tun da safe, ya zauna a gindin dalbejiya a bakin asibiti har a buɗe ƙofa. In ya shiga ba fuskarta yake fara dubawa ba. Sai ya ɗan ɗaga gefen mayafinta ya dubi layukan. Bai iya karatun boko ba, amma wannan rubutu ya iya shi sarai.

Rana ta biyu sabon layi yana sama da na farko da yatsa ɗaya. Rana ta uku ya kai bakin haƙarƙari. Rana ta huɗu ya hau kan ƙashin. Ta fara barci da rana, in ya yi mata magana sai ta amsa a makare. Ya sunkuya kamar zai gyara mata matashi, alhali numfashinta yake shaƙa, kuma ya ji warin nan mai zaƙi-zaƙi ya fara.

Rana ta biyar ya tarar an ɗaure mata hannuwa da ƙyalle a jikin gado. Idonta a buɗe, ba ta kallon kowa. Ya ce, "Uwargida, ni ne." Ta juyo ta ce da ƙarfi, yadda duk ɗakin ya ji, "Inuwa! Inuwa, ka sauke tukunyar nan, tana ƙonewa!"

Wata tsohuwa da ke jinyar 'yarta a gado na gaba ta rufe baki da hannu. Shi kuwa sai da ya dafa bango. Shekara ashirin da shida bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma sau da yawa yakan tsokane ta cewa ko ta manta shi ne. Yau da ya ji shi, ya gane cewa wadda ke kwance a gadon nan ta fara barin wurin. Ya fita baranda ya yi kuka a gaban mutane, bai ji kunyar kowa ba.

Rana ta shida ba ta yi magana ba sam. Layin ya ƙara hawa rabin yatsa. Malam Yahaya ya ce a aika wa 'yarta a Zariya, aka aika. Rana ta bakwai Inuwa ya tsaya a bakin gado ya kasa ɗaga mayafin. Sai tsohuwar nan ce ta ce, "Ɗaga mana, bawan Allah, ko ka duba ko ba ka duba ba an riga an ja shi." Ya ɗaga. Ya nemi sabon layi ya rasa. Ya ƙirga na jiya da na shekaranjiya, ya sake ƙirgawa, sannan ya gane cewa an ja na yau a kan na jiya daidai.

Rana ta takwas ma haka. Rana ta tara layin ya sauko kaɗan, kaɗan ƙwarai, bai fi kaurin tsinke ba. Rana ta goma ya shigo ya tarar an kwance mata hannuwa, 'yarsu na ba ta ruwa a cokali. Ta dube shi da idanun da suka faɗa ta ce, "Maigida, ina hularka?"

Ta yi mako biyar a asibiti. Ran da za a sallame ta likita ya sake danna cikinta ya daɗe, ya yi magana mai tsawo. Malam Yahaya ya ce, "Hantar ta dawo, amma ba yadda take da ba. Inda naman ya mutu, jiki ya ɗinke wurin da wani abu mai tauri, kamar yadda fata ke yin tabo. Kai ka fi mu sanin tabo. Wani tabon yakan tsaya inda yake. Wani kuma yakan ci gaba da yaɗuwa a hankali, yana matse naman da ya rage. Ba mu da hanyar sanin wanne ne nata. Tana iya shekara ashirin lafiya lau, tana iya kasa haka da yawa. In ka ga ciki ya fara kumbura ko ƙafa, ka kawo ta."

Bayan sun koma gida da mako guda, 'yar ta koma Zariya, gida ya rage su biyu. Da hantsi Bilkisu tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki, ya zo ya tsuguna a gabanta. Ya shirya maganar tun a asibiti, amma da ya buɗe baki sai ta fito a hargitse. Ya ce mata ciwon nan ba haka kawai ya zo ba. Ya ce akwai baƙo a zauren Malam. Ya ce aska ɗaya ce.

Ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta ce, "Na sani."

"Malam Yahaya ne ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Wa ke wanke ƙahonin? Wa ka zauna kana ba labarin ran nan, wane ya fara kwanciya, wane ya bi shi? Ran da aka ce Ado ya cika, kafin ka dawo daga maƙabarta na riga na ƙirga. Da ka shigo ka ce mini sannu da aiki ba ka ƙara komai ba, na san kai ma ka ƙirga."

Ya zauna daɓas a ƙasa. "To me ya hana ki faɗa?"

"Kai me ya hana ka?" in ji ta. "Kullum ka ce in dubi shirwa. Ina dubawa, ina ganin fuskarka ta gefen ido. Na ce in dai fari ne zan nuna maka, ka samu ka ci abinci ran nan. Da ya daina zama fari ban san yadda zan yi da kai ba."

Sama da wata guda suna gida ɗaya, suna cin tuwo ɗaya, kowannensu yana ɗauke da abu ɗaya yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Ta kama hannunsa na dama, ta kai shi ƙarƙashin haƙarƙarinta, ta danna yatsunsa ciki yadda ta ga likita yana yi. Ta ce, "Ja numfashi ake cewa in yi, ko?" Ta ja. Wani abu ya sauko ya taɓa kan yatsunsa, mai baki, mai tauri, ba kamar naman mutum ba.

"Ka ji ta?"

"Na ji."

"To, daga yau nan za ka riƙa dubawa, ba sai ka yi mini ƙaryar shirwa ba. Kuma abin da ka ji ka faɗa mini, ko mene ne."

Ya ce to. Ta saki hannunsa, amma bai janye ba. Ta sake jan numfashi, abin ya sake saukowa ya taɓa shi, yana ƙoƙarin riƙe daidai inda ya tsaya a yau, don ya san da me zai gwada na gobe.